Malafa Bakwai, Kai Ɗaya

Wani ne a Birnin Gwari, zamanin da Turawa ke haƙar zinariya a daji. Kowa da abin da ke kai shi barikin 'yan haƙa. Wasu leburanci, wasu sayar da abinci, wasu caca. Shi malafar Turawa ce ke kai shi.

Ba hular kwanon nan mai tauri da Di'o, Baturen mulki, ke sawa ba. Wadda yake so ita ce mai laushin nan, mai baki zagaye, wadda ake yi da gashin zomo, a cuɗa shi a danne har ya koma kamar fata. Tun ranar da ya fara shafa ɗaya a hannun wani kukun Bature, noma ya fita ransa.

Ya san kayansa kuwa, wannan ba a ƙwace masa. In aka miƙo masa malafa sai ya shafa ta da bayan hannu, ya hura gashin, ya leƙa ciki ya duba fatar da ke kama goshi, sannan ya shinshina. In ta gashin tumaki ce sai ya mayar, ya ce wannan ta masinja ce. Sabuwa ma ba ta dame shi ba. Ya ce kowane sakarai na iya hawa mota ya je kanti a Zariya ya sayo sabuwa, amma wadda Bature ya shekara goma yana zufa a cikinta, sai mai rabo.

Kuku-kukun Turawa suka gano shi. Duk Baturen da ya tashi komawa gida, ko zazzaɓi ya kwantar da shi kwanciyar da ba tashi, kafin a gama ɗaure akwatuna an aiko a kira mutumin. Akuya ta tafi. Tumaki suka bi ta. Jaki ya tafi da mangalarsa. Rumbu ya yi ƙasa. Da haka ya tara malafa bakwai.

Kowace da sunan da leburori suka laƙaba wa mai ita na farko. Akwai Sha-Kwinin, akwai Mai Kare, akwai Ba-Dariya. Uwarsu duka ita ce Jan Wuya, toka-toka, da baƙin ƙyalle zagaye da ita, da wani rubutu mai ruwan zinariya a ciki wanda ba mai iya karantawa a unguwar. Shi ya ce sunan garin zomon ne.

Kowace da tukunyarta. Ya shimfiɗa ganyen taba a ƙasa don asu, ya kwantar da malafa, ya rufe da faifai. Tukwane bakwai a jere a kan dakali, shi kuma yana kwana a ƙasa a kan yagaggiyar tabarma. Ran kasuwa yakan sa uku, ɗaya da hantsi, ɗaya da azahar, ɗaya da la'asar. In salla ta zo sai ya cire, ya zaro wata tsohuwar hular saƙi daga aljihu ya kafa, don malafa ba ta barin goshi ya taɓa ƙasa.

To, akwai wata bazawara mai sayar da tuwo a bariki, Huraira. Mutumin na son ta. Akwai kuma wani Jumare, mai garken shanu a gefen daji, shi ma yana so. Ta gaji da ganinsu su biyu a bakin tukunyarta suna harare-harare, ran Asabar ta ce kowa ya je garinsu Gayam ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya gai da baffanta Abarshi. A can za a yanke magana, wanda ya samu ya samu.

Da Jumare ya tafi, ta dubi mutumin.

"Malam, Baffa ba ya son ƙazanta. Wannan abin da ke kanka, tun kana bakin rafi nake sanin ka taho."

Ya ce ai ƙamshin Ingila ne.

"To Ingila na bukatar wanka."

Ya koma gida yana juya maganar. Bai san wadda zai sa ran Juma'a ba tukuna, don haka ya ga gara a wanke su duka. Da gari ya waye ya jera su cikin kwando, ya rufe da zane, ya ɗauka sai bakin marina, wurin Bakoji.

Bakoji mai wankin huluna ne da bugun riguna. Shekara talatin yana wannan aiki, ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Amma malafar gashin zomo bai taɓa riƙe ta ba. Ya juya ta, ya latsa, ya tambaya yadda Turawa ke wanke ta.

"Yadda kake wanke hular hakimi," in ji mutumin, "ka ninka."

Bakoji ba ya ha'inci. Ya tafasa ruwa. Ya zuba toka. Ya kawo sabulun salo. Ya jefa malafa bakwai a ciki, ya cuɗa, ya murza, ya matse, ya sake cuɗawa. Ruwa ya fito baƙi ƙirin, zufar Turawa bakwai. Ya tsoma su a ƙullun rogo don su yi tauri, ya ɗora a gungume ya yi ta bugu kamar rigar Salla, ya shanya a tsakiyar rana. Gashin zomo kuwa, in ya sha ruwan zafi da murza, tsukewa yake yi. A marinar nan ba wanda ya san haka.

Ran Litinin mutumin ya zo karɓa. Malafu sun yi fes, ba wari ko kaɗan. Ya ɗauki Jan Wuya ya ɗora. Ta zauna a tsakar kansa kamar faifai a bakin tulu. Ya danna, ta ƙi. Ya ja da hannu biyu, ta ƙi. Ya ajiye ya ɗauki Sha-Kwinin. Haka. Mai Kare, haka. Ba-Dariya ma ba ta yi ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har bakwai.

Bakoji na tsaye, zufa na bin bayansa. Ya san akuya ta tafi a kan waɗannan abubuwa, ya san jaki ya tafi. Ya fara lissafa hanyar gidan alƙali a ransa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri ke nan, sai mutumin ya zauna a ƙasa, ya kama kansa da hannu biyu.

"Bakoji, na shiga uku."

Bakoji ya sunkuya ya tambaye shi ko lafiya.

"Malafa bakwai ne nan, daga Turawa bakwai. Wani ma bai san wani ba. Ba za su haɗa baki su yi mini ƙarya rana ɗaya ba. Kaina ne ya kumbura."

Bakoji ya dubi malafun, ya dubi kan. Ya ce gaskiya tun da mutumin ya shigo ya lura, kunya ce ta hana shi faɗa.

Talata da sassafe mutumin na gindin ceɗiyar kasuwa, wurin Gambo wanzami. Ya ce a auna shi. Gambo ya ɗauko igiya ya zagaya kan, ya ɗaga igiyar ya duba. Bai taɓa auna kan kowa ba, balle ya san yadda ya kamata ya kasance, amma ya girgiza kai ya ce lalle akwai aiki.

Aka fara da aski. Gambo ya kwashe gashin ƙwal, har kan na ɗaukar ido. Aka gwada Jan Wuya. Ta zame ta faɗi ƙasa. Gambo ya ce to ba gashi ba ne, mugun jini ne ya taru. Ya wasa aska, ya tsattsaga ƙeya, ya kafa ƙaho huɗu, ya zuƙa. Aka gwada. Ya ƙara biyu a gefen kunne. Aka gwada. Mutumin na zaune da ƙaho shida a kai kamar abin tsoron gona, mutanen kasuwa sun bar ciniki sun kewaye su.

Gambo ya tsaya ya huta, ya tambaye shi hular nan tasa ta salla fa, ita tana shiga?

Mutumin ya ce tana shiga.

Gambo ya ce to.

"Wannan hular gida ce, Gambo. Tare muka tashi, kunyata take ji. Ba za ta dube ni ido da ido ta gaya mini gaskiya ba. Kayan Bature kuwa ba ruwansu da kunya."

Gambo ya yi tunani, ya ga in ya ja maganar aiki zai tsaya. Ya ce haka ne. Ya shafa masa magani a tsagar, ya ce ya je gida ya kiyaye abu biyu har Juma'a, ya bar cin gishiri, ya kuma bar tunani, don su ne ke hura kai. Gishirin ne ya ba shi wahala.

Laraba ya tashi ya gwada, ba sauyi. Sai dabara ta zo masa. Ya ce tun da kai ya ƙi sauka, bari a roƙi malafar ta hau. Fata in ta sha ruwan zafi ai laushi take yi, ta buɗe. Ya ɗauki Jan Wuya ita kaɗai ya koma marina, ya ce Bakoji ya sake wanke ta, wannan karon ruwan ya fi na da zafi, murzar ma a ƙara.

Bakoji ya ce hannunsa na ciwo. Mutumin ya ce zai jira. Bakoji ya ce itace ya ƙare. Mutumin ya tafi daji ya saro dami guda, ya kawo, ya hura wutar da kansa. Ya tsaya a kan Bakoji yana cewa a ƙara cuɗawa, kada a ji tausayinta.

Da ta bushe ran Alhamis, Jan Wuya ta koma kamar ƙoƙon shan fura. Rubutun zinariya ya tafi, garin zomo ya ɓace. Mutumin ya ɗora ta a kai, ya lalubi inda ta tsaya, ya lalubi inda kunnensa yake, ya ga tazarar ta ninka ta shekaranjiya. Hawaye ya zubo masa.

"Ka gani? Kwana biyu kacal. Kuma wallahi ban yi tunanin komai ba."

Bakoji ya ce shi shaida ne.

Daga nan ya fara tafiya a hankali, hannu ɗaya na tallafe da ƙeya. In zai shiga ɗaki sai ya karkace ya shiga ta gefe. Ya roƙi maƙwabcinsa ya zo da gatari a faɗaɗa ƙofa kafin abin ya kai inda ba zai iya fita ba. Ya koma wurin Gambo aka ƙara ƙaho biyar. Gambo ya ce wuri ya ƙare, saura fatar ido da kunne, kuma shi ba ya taɓa waɗannan.

Maƙwabta suka taru suka ba shi shawara. Wasu suka ce ya aika Gayam a ɗaga ranar. Wasu suka ce ya sa hular sallarsa ya tafi kamar kowa. Ya ƙi. Ya ce in an ɗaga, Jumare ba zai ɗaga ba. Kuma Jumare na da shanu, in ya shiga zaure shanunsa na magana a madadinsa ko bai buɗe baki ba. Shi kuwa gonarsa ta koma jeji, turkensa ba ko ɗan akuya, abin da ya mallaka duk duniya na cikin tukwane bakwai. In ya je ba malafa, da me ya je?

Juma'a ya yi wanka, ya sa rigarsa ta kirki. Ya huda Jan Wuya gefe da gefe, ya zura igiyar rama, ya ɗora ta a tsakar kai, ya ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Ya kama hanyar Gayam ta cikin daji. Ƙudaje suka ji labarin tsagar, suka raka shi. A hanya ya gamu da matan Gwari sun ɗauko itace a kafaɗa, yadda suka saba tun kakanni, ba sa ɗora wa kai kaya. Ya tsaya ya bi su da kallo, ya ce ashe waɗannan sun daɗe da sanin ciwon, suka yi shiru ba su gaya wa kowa ba.

Ya iso an sauko daga masallaci. Abarshi na zaune a zaure a kan buzu, tsoho ne mai ƙarancin magana, wanda ya yi wa Turawa dako a ƙuruciyarsa, ya sha hanya da akwatunansu a kai. Jumare ya riga ya iso, yana gefe cikin farar riga, da ƙwaryar man shanu a gabansa ta gaisuwa. Akwai dattawa biyu na unguwa da aka kira su zama shaida.

Mutumin ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya karkace ya shigo ta gefe yana cewa a yi haƙuri a ɗan matsa, kada ya buge wani. Zauren kuwa raƙumi ma zai shiga. Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Abarshi ya amsa, ya daɗe yana kallon kan, da tsaga goma sha ɗaya, da ƙudaje, da ɗan abin da ke ɗaure a sama.

"Ɗan nan, wa ya sare ka?"

Mutumin ya ce ba sara ba ne, magani ne. Ya kwashe labari ya faɗa, yadda kansa ya fara kumbura ran Litinin, yadda malafu bakwai suka ba da shaida, yadda Gambo ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce ya ga bai kamata ya ɓoye wa surukai lalura ba.

Abarshi ya ce a miƙo masa abin. Mutumin ya kwance igiya ya miƙa da hannu biyu. Tsohon ya juya ta, ya cire hularsa, ya ɗora. Ta tsaya a sama tana rawa.

Mutumin ya dafe ƙirji. "Inna lillahi. Baba, har ta iso Gayam?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya karɓa ya gwada, ba ta shiga ba. Ɗayan ma haka. Mutumin ya ce lalle annoba ce, ya kamata a sanar da hakimi kafin ta shiga kasuwa. Jumare na dariya ya karɓa ya ɗora a nasa, ta gangara ta faɗa cinyarsa.

"Kai naka ya fi nawa nisa, Jumare. Ba don muna neman abu ɗaya ba ne zan ƙi gaya maka. Gobe ka nemi Gambo, kada ka tsaya jiran aure."

Abarshi ya karɓi malafar, ya kifa ta a bakin butar alwalarsa. Ta zauna daram, kamar don ita aka yi. Ya ce to wannan fa?

Mutumin ya ce ai buta ba ta cin gishiri.

Tsohon ya tura butar gefe. Sannan ya tambaya, kafin kan ya fara kumbura, an yi wa malafun wani abu? Mutumin ya ce ba a yi musu komai ba sai alheri. Ya faɗi tafasasshen ruwa, da toka, da sabulun salo, da bugu a gungume, ya ce wannan ɗin ma sau biyu aka yi mata, da itacen da ya saro da hannunsa.

Abarshi ya ce lokacin da yake dako ya ga mai wanki ya dafa wa wani Bature rigar sanyi ta gashi. Da aka tsamo ta, ko kyanwa sai ta rage ciki kafin ta shiga. Mai wankin bai kwana a garin ba.

"An dafa maka malafa, ɗan nan. Kanka na nan yadda Allah ya yi shi. Ba a ƙara masa komai ba, ga alama tun farko ma ba a cika shi ba."

Dattawa suka sunkuyar da kai. Jumare ya toshe baki da hannun riga. Mutumin ya gyara durƙuso cikin ladabi.

"Baba, ba na jayayya da kai. Amma kada a ɗauki alhakin Bakoji. Bawan Allahn nan ya murza har hannunsa ya sale, ina tsaye. Mutum ya yi maka wanki haka, ka ce ya yi laifi? In akwai ɓarna, ga inda take." Ya nuna ƙeyarsa.

Abarshi ya mayar da hularsa. Ya dubi ƙwaryar man shanu, ya dubi Jumare, ya yi gyaran murya. Amma bazawara ba a yanke mata magana sai an ji ta bakinta, don haka ya ɗaga murya ya kira Huraira. Ba ta yi nisa ba. Tun shigowar mutumin tana bayan ƙofar cikin gida. Ta leƙo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Huraira, kin ji da kunnenki. Ga mai garke, ga kuma wannan. Ina ganin ba sai na tambaye ki ba."

"Tambaye ni, Baffa."

"To wanne?"

"Mai malafar."

Dariyar Jumare ta tsaya. Abarshi ya dubi butar, ya dubi 'yar ɗan'uwansa, ya tambaye ta ko ita ma a kira mata Gambo ne.

"Baffa, aurena biyu. Na farko ya mutu a kan rigar da ta yi dabbare a hannuna, na biyu a kan tuwon da ya kama. Wannan kuwa ko gidan na ƙona masa, wurin wanzami zai tafi."